Gwiwa a Kan Rairayi

Kombo ya zaɓi teburin da ke daf da teku, wanda kullum yake jera wa Turawa abinci a kai a wannan otal na garin Nungwi. Yau shi ne baƙo, abokan aikinsa na ta leƙe daga kicin.

Budurwarsa Mwanaisha ko kallon gasasshen kifin da ke gabanta ba ta yi ba. Hannuwanta na ɓoye cikin mayafi.

Ya durƙusa kan rairayi riƙe da zobe, yadda ya sha ganin baƙi suna yi.

"Tashi, Kombo, ana kallonmu," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ba zan tashi ba sai kin miƙo hannunki. Don Allah, Mwana, ki tausaya min."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta zaro hannun. Lallen amarci ne sabo fil.

"Tun yaushe nake cewa ka turo kawunka wajen Baba? Makame mai kwale-kwale ya turo nasa. Juma'ar nan za a ɗaura aure."

"Zan turo, wallahi yau ɗin nan zan turo."

Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Gwiwar nan da ka kafa a rairayi, a tabarmar Baba ya kamata ka kafa ta."