Turken Injiniya

Yau injiniyan ya dawo neman turkensa, bayan shekara bakwai.

Wancan zuwan yana saurayi siriri. Ya kafa jan turke a bayan madafata, ya ce ta nan jirgin ƙasa mai gudun tsiya zai ratsa, daga filayen jirgin saman Bangkok zuwa na U-Tapao. "Ku fara ɗaure kaya, Goggo," in ji shi. Na sha kuka, na ɗaure. Damina biyu tukwanena suna cikin kwali kafin na gaji na kwance su. Maigidana kuwa kullum kunnensa na jikin rediyo: an sa hannu kan kwangilar aikin jirgin, an ɗage, an sake sa hannu.

Yau ga shi da tumbi da taswira. Ya zagaye gidan sau uku yana ta gumi. Na zaunar da shi a inuwa, na zubo masa shinkafa da miyar kifi mai tsami.

Ya dubi maigidana. "Kawu, ina turkena? In ya ɓata, sai an sake awo."

"Ɓaunarmu ta noma ta karya shi tun makon farko. Na ji tsoron hukuma, sai na sari reshen zogale na kafa daidai ramin."

"To yana ina?"

Maigida ya ɗaga kai ya dubi bishiyar da ta lulluɓe mu da inuwa, sannan ya leƙa kwanon baƙon.

"Ci a hankali, ɗana. 'Ya'yan turkenka ne a cikin miyar nan."