Faɗuwar da Inna Ba Ta Yi Ba

Ina 'yar shekara takwas na raka Inna sabon asibitin garinmu, can wajen Yankara, bayan azahar. Leɓenta ya tsage, ta rufe shi da gefen mayafi. Ɗakin sai warin sabon fenti da aidin. Malamin asibitin, wanda kuɗin gwamnati na zamanin arzikin man fetur suka saya wa babur da agogo, ko ɗago kai bai yi sosai ba.

"Mi ya same ki?"

Inna ta ƙara jan mayafin a bakinta. Ni na amsa: "Malam, Baba ne ya buge ta da ƙotar fartanya."

Ya yi dariya har da dukan tebur. "Yarinya, ba a faɗin haka. Innarki faɗuwa ta yi." Ya rubuta hakan a littafinsa, ya shafa mata magani, ya ce ta riƙa duba hanya. Har ya ba mu saƙon gaisuwa ga Baba.

Kafin damina ta zo, sau uku Inna ta sake "faɗuwa".

Yanzu aikin jinya nake yi, na san tambayoyin da ya ƙi yi mata. Ya tsufa a garin, kowa na durƙusawa yana ce masa Likita. Har ya mutu bakina bai taɓa kiran sa haka ba.