Abin da Na Sayar a Bakin Sukari

Mu biyar ne a tsakar gidanmu na ƙauyen Fammar a ranar nan: ni, da Inna, da Goggo Ladi, da wata Baturiya mai binciken mutuwar yara, da tafintanta da dagaci ya ce a bari ya shigo.

Tafintan ya ce, "Baiwar Allah, nawa kika haifa, nawa suka mutu?"

Inna ba ta daina tankaɗe ba. Ta ce, "Malam, awaki ake ƙirgawa."

Goggo ta ce, "Tambaye ta nata nawa, in ta taɓa durƙusawa!"

Sai Baturiyar ta yafito ni, ta sa mini ƙwayar sukari a tafin hannu. Yana narkewa a kumatuna na lissafo mata ƙannena da suka rasu, waɗanda Inna ba ta ambatonsu: Sani, Binta, da jaririn da bai kai suna ba. Ta rubuta har da murmushi.

Rariya ta tsaya a hannun Inna. Da ma dukana ta yi.

Har yau mai biro da takarda ba ya wuce zaurena.

Washegarin zuwan baƙin na share sawun takalmansu har bakin hanya. Inna ta zo ta wuce, ba ta ce mini sannu ba.