Ina Bindigar?

"Ina bindigar?" Ɗan Baba ya daka tsawa, ya sake sauke wa Sadiƙ gora a ka.

Motar Ɗan Baba ce, ƙanensa Mansur ke tuƙawa. Ta ɗan bugi amalanke a hanyar Safo, ko jakin bai faɗi ba. Amma an ji ƙara kamar harbi, aka tarar da Mansur a mace, wuyansa a huje. Sadiƙ bakanike kaɗai ke gefensa.

"Wallahi gareji za mu kai..." Gora ta katse Sadiƙ. Kafin jandarmomi su iso ya daina motsi.

A asibitin Madarunfa likita ta zaro wani abu daga wuyan Mansur, ta ajiye gaban Ɗan Baba.

"Alhaji, wannan ba harsashi ba ne. Ƙarfe ne daga jakar iskar sitiyari, ita ta fashe. Irin motocin nan ai kyauta ake gyara su a Maraɗi. Ba wanda ya gaya muku?"

An gaya musu. Sadiƙ ne ya yi ta roƙo a kai motar gyaran, kullum Ɗan Baba sai ya ce, "Bari sai bayan kasuwa."