Lallen Ango

Ranar da Bilyamin ya dawo daga fagen daga, ƙauyensu na gefen Rufa'a ya yanka rago na karama, wato sadakar godiya ga Allah, aka yi ta yi masa godiya har kunya ta kama shi. Shi kuwa mutum ɗaya yake jira.

Sai bayan la'asar Ramla, wadda aka sa musu rana, ta shigo rakuba, rumfar da yake zaune, da jabana, butar gahawa. Ta zuba gahawa, ta miƙa ta damansa kamar yadda ta saba, sai idonta ya sauka kan hannun rigar da aka naɗe aka soke da fil, babu hannu a ciki.

"Mun gode, Yaya Bilyamin," in ji ta. "Ba don irinku ba, da har yanzu muna gudun hijira."

"Baffa ya ce da an yanke dawa za a sa mana lallen aure," in ji shi.

Ta daɗe tana juya finjalin.

"A wane hannun za a sa maka?"

Ta ajiye gahawar a ƙasa ta damansa, ta ja mayafi ta fita. Gahawar tana nan har ta huce.