Dabinon Mai Ginin Tukwane a Garin Ɗari

Kai da ka ce ka rasa wanda za ka riƙa cikin mutanen da ke kewaye da kai, gyara zama in buga maka misali.

An yi wata mai ginin tukwane da aure ya kai ta wani gari can bisa duwatsu, inda ɗari ke tsaga leɓe, ƙanƙara kuma ta zubo da damina kamar ana watsa tsakuwa. Ita kuwa 'yar ƙasar dabino ce. A tsakar gidan ubanta akwai wani dabino da kakanta ya shuka, a gindinsa ta yi rarrafe. Da uban ya rasu aka raba gado, wanda gidan ya faɗo masa ya sare itacen don ya ƙara ɗaki. Abin da ta tsira da shi ɗan cikin ƙwarya ne na 'ya'yan dabinon, nunar ƙarshe. Ta ƙulle ƙwallayen a bakin zane ta koma garin mijinta, ta gina tukwane masu huji a gindi, ta shimfiɗa tsingaro a ciki, ta zuba yashi da ruɓaɓɓen taki, ta binne su. Na farkon da suka tsiro tausayi ya sa ta shigar da su ɗakin girki, kusa da murhu. Suka yi zaƙwal, dogaye, fari-fari, ranar da ta fito da su kuwa sanyi bai bar ko ɗaya ba. Saura bakwai. Waɗannan ta danne zuciyarta ta bar su waje, a jikin wani falalen dutse mai wuni yana shan rana. In sanyi ya shigo ta rage musu ruwa, don ta lura jiƙaƙƙiyar saiwa ita ɗari ke fara kamawa. Wuyansu kaɗai take naɗewa da tsohon buhu, kowace shekara tana rage naɗin. Huɗu suka mutu, uku suka tsaya. Shekara takwas tana canza musu mazauni, daga tukunya zuwa randa, amma ba su wuce ƙugunta ba: gajeru, masu kauri, ganye ruwan toka, jiki duk ƙaya.

Ana nan sai wani mai lambu da ke maƙwabtaka da ita ya yo odar itatuwan kwakwa daga kurmi, mota guda, manya-manya, ganye shar kamar an shafa musu mai. Ya jera su a lambu, yana ba su ruwa safe da yamma. Gari ya ɗauka, har angwaye na zuwa ɗaukar hoto a ƙarƙashinsu. Masu wucewa ta ƙofar mai tukwane ba sa ko waiwayar nata, sai wata da ta taɓa tsayawa ta ce, "Yaya, shekara nawa kina wahala da waɗannan 'yan dunƙulallun?" Ta ce, "Su ma Allah ya yi su," ta ci gaba da murɗa yumɓunta.

Sai ga wata shekara da aka yi ɗarin da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba. Safiya uku a jere ana tashi a tarar ruwan kaskon kaji ya daskare kamar gilashi, ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Kafin mako ya zagayo duk wani ganye ya ƙone ba wuta. Kwakwar mai lambu ta sunkuyar da kai, dabinon matar nan ma ya koma kalar busasshiyar kaba. Ta zauna gaban randunan ta kasa cin abinci, tana jin yau ne aka gama sare itacen gidansu. Mai lambu shi kuma ya bi nasa ɗaya bayan ɗaya yana kama tofon tsakiya, wannan mai tsini kamar mashi, wanda ran itacen ke cikinsa. Duk wanda ya ja sai ya zare sulub, gindinsa baƙi, yana wari. Da ya gama ya shigo gidanta da gatari ya ce, "Iya, kawo in sare miki naki ma, kya samu na hura wuta." Ta ce ya dakata. Ta cusa hannu cikin ƙaya, ta kama tofon na farko ta ja. Ya ƙi. Ta sa hannu biyu ta ja har jini ya tsatso a yatsunta, yana nan daram kamar an kafa shi da guduma. Haka na biyu, haka na uku. Ta tare randunan da jikinta har mai gatari ya fita.

Kwana arba'in ba alamar rai. Wata safiya ta fito ta ga wani abu kore shar ya leƙo daga tsakiyar ƙonannen ganyen kowane ɗayansu, siriri, a miƙe, raɓa na ƙyalli a kansa. A duk faɗin garin, daga lambu har tsakar gida, babu wani kore sai waɗannan uku. Ta durƙusa tana hawaye tana hamdala. Mutane suka cika gidan. Mai lambu ya daɗe tsugune yana kallon ɗan tofon, sannan ya girgiza kai ya ce, "Tsarki ya tabbata ga mai fitar da rayayye daga matacce."

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.