Ba Yaya Dauda Ba Ne

Wata rana da la'asar a Dutse, Baba yana fama da babur ɗinsa a ƙofar gida, ya ce lallai yau zai tashi. Maƙwabcinmu Baba Bitrus ya girgiza kai, ya ce da Turanci, "I doubt it."

Ni kuwa "Ai Dauda ne" na ji. Na fashe da kuka. "Wallahi Yaya Dauda bai taɓa shi ba, kada a doke shi!"

Suka yi ta dariya. Baba ya ɗauke ni. "Uwata, cewa ya yi anya kuwa zai tashi."

Babur dai bai tashi ba. Har yau ban sami kafaɗa mai daɗin ta Baba ba.